Wai da gaske mediteshan na gyara halin mutum?

Ɗan Gawon Nama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na da saurin hushi sosai, shekaranjiya ma kan kuɗin man babur ya ɗaga ma Inna murya har ta shige ɗaka tana share hawaye da bakin zane, can da dare ya zo ya durƙusa shina ba da haƙuri, kullum haka muke. Wani abokinshi ya sa mai manhaja a waya, wai ka zamna ka rufe ido ka bi numfashinka minti goma, mediteshan suke ce mai. Yau sati ukku shina yi bayan asuba, ya ce barci ya gyaru amma ni wallahi ban ga bakin ya canza ba. Don Allah masana, an bincika abin ga kuwa? Shina canza hali ne ko natsuwa ce ta ɗan lokaci?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah shi shirya mana shi. An bincika ƙwarai. Tsarin da anka fi gwadawa shi ne wanda wani masani Jon Kabat-Zinn ya faro a 1979 a jami'ar Massachusetts ta Amurka, sati 8 ake yi, da aji kowane sati da kuma aikin gida kusan minti 45 kullum, ka ga ba minti goma na waya ba ne. A 2014 masana na jami'ar Johns Hopkins sunka tattara gwaji 47 mai mutum 3,515, sunka ga fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo na raguwa daidai gwargwado, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba.
To amma kai hali kake tambaya, nan ne hujjar ta yi rauni. A 2018 an haɗa bincike 22 kan ko shina sa mutum ya kyautata ma jama'a. Tausayi ya ƙaru, sai dai da anka duba da kyau, ƙarin ya fito ne inda malamin da ya koyar shina cikin waɗanda sunka rubuta sakamakon, kuma an gwada su ne da mutanen da ba a ba komi su yi ba. Zafin kai da ƙyamar wasu kuwa ba su ragu ba. Wanga shi ne ya fi tsaya min a rai, don abin da ke damunku kenan a gida.

Abu Runjin Sambo:
Anti ban ƙi ta taki ba amma akwai gwajin nan na Boston a 2013, an aje kujera ukku a ɗakin jira, biyu da mutanen masu binciken a kai, wanda ake gwadawa ya zamna a ta ukku, sai wata mata ta shigo da sandunan guragu tana cije baki don ciwo ta jingina da bango, su biyun nan sunka yi kamar ba su gan ta ba. Rabin waɗanda sunka yi sati 8 suna mediteshan sun tashi sun ba ta wuri, cikin waɗanda ba su yi ba kashi 15 cikin ɗari kacal. Wannan ai hali ne a aikace.

Malamar Jinya:
Gaskiya ne ƙanena, ni ma gwajin na burge ni, amma mutum 39 ne duka. Wanda anka yi a makarantun Birtaniya da yara sama da 8,000, sakamakon ya fito a 2022, mediteshan ɗin bai fi darasin da sunka saba yi ba.

Baba Na Kanwuri:
'Ya'yana ku ji. Zama shiru mutum ya tattara hankalinshi ba baƙon abu ba ne garin ga, da zikiri da tafakkuri munka tashi, amma kar a ɗauki binciken can a ce kan zikiri anka yi shi, ba ɗaya ba ne. Kuma na san masu dogon wuridi da ba su da daɗin zama a gida, natsuwa kan buzu daban, riƙe harshe gaban mahaifiya daban. An koya mana in hushi ya taso kana tsaye ka zamna, in bai tahi ba ka kishingiɗa, ka yi alwala. Ka ce mai ya fara da fita tsakar gida kahin ya buɗe baki.

Malamar Jinya:
Na manta, akwai waɗanda zaman ke tada musu firgici ko tsohon abin da ya taɓa samunsu. In ka ga haka ya dakata, ku ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba nisa.

Ɗan Gawon Nama:
Na gode Baba, na gode Anti. Ba zan hana shi ba tunda barcin ya samu. Yau bayan isha'i in Inna ta kwanta zan ja shi ƙofar gida mu yi maganar fita tsakar gidan.