Dogon ɗana ya ƙi zama ƙarƙashin kwando, sai jifan maki uku. In hana shi?

Kawun Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙwallon kwando, musamman wanda ya taɓa buga pibo, wato dogon ɗan wasan da ke tsayawa a gindin kwando. Ɗan yayata ne, a hannuna ya tashi. Shekararsa 16, tsayinsa mita 1.98, kuma har yanzu takalmi matse shi yake yi. A filin siminti da suke wasa bayan la'asar babu wanda ya kamo shi a tsayi. In ya tsaya kusa da kwando ya ba mai gadinsa baya, aka miƙo masa ƙwallo ya juya ta dama, da wuya ta kuskure. Amma ya tsani wurin nan. Da an take wasa sai ya sulale bayan layin maki uku ya ɗaga hannu yana jira. Ina zaune kan babur ina ƙirgawa, cikin jifa goma da ƙyar biyu ke shiga, ribon kuma, wato ƙwallon da ta dawo ba ta shiga ba, gajeru ke kwashewa tunda shi yana can nesa.

Na yi masa magana, sai ya nuna mini Joel Embiid, dogon ɗan Kamaru na gasar NBA ta Amurka, a waya, wai ai ɗan ƙasarmu ma daga nesa yake jifa. Abin yana ci mini rai, don Allah ya yi wa yaron nan baiwa. In hana shi jifan nesa gaba ɗaya, ko ni ne zamani ya bari a baya?

Tsohon Pibo, Marwa

Wa alaikumus salam Malam. Tunda Embiid ne hujjarsa, ka ɗaure shi da Embiid ɗin. A Janairun 2024 ya ci wa Filadelfiya maki 70 a wasa guda da San Antoniyo. Ka tambayi yaron: nawa ne na maki uku a ciki? Ɗaya tak. 21 daga layin fawul suka fito, inda ake jifa ba mai gadi in an yi wa mutum keta, sauran 46 duk na maki bibbiyu ne, na kusa da na tsaka-tsaki. Abin da ake yankowa a saka a waya daban, abin da ke cin wasa daban.

Embiid kuwa bai fara ƙwallon kwando da wuri ba, sai da ya kai kusan shekarun ɗanka, kafin Luc Mbah a Moute, ɗan Kamaru da ke wasa a NBA a lokacin, ya gano shi a sansanin horo a Yawunde a 2011. Wasannin Hakeem Olajuwon ya riƙa kallo yana kwaikwayo, mutumin Legas da ya ɗaukar wa Houston kofi a 1994 da 1995. Shi Olajuwon sirrinsa a ƙafa yake: ya kafa ƙafa ɗaya, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi hagu, mai gadi ya yi tsalle, shi kuma ya zagaye ta ƙarƙashinsa.

Ka kuma yi masa lissafi a takarda. Biyu cikin goma daga nesa maki 6 ne. Shida cikin goma a gindin kwando maki 12 ne, ban da fawul da zai jawo wa abokan hamayya. Ni in da ɗana ne, wannan shekarar ba zai fita daga raket ba, wato akwatin da aka zana a gindin kwando, sai ya iya jifan ƙugiya, na hannu ɗaya ta saman kai, da hagu da kuma dama. Ka ce ta dama yake juyawa. Hagun fa? Ranar da ya haɗu da mai gadi mai wayo, damar zai toshe masa, shi ke nan.

Ɗalibin Dang, Ngaundere

Baba, duk abin da ka faɗa kan ƙafa na yarda, amma a yi mini afuwa, ban goyi bayan a kulle shi a raket ba. Mita 1.98 dogo ne a unguwa. In ya je Yawunde ko Duwala zai tarar da masu wannan tsayin a gefe suke wasa. Embiid mita 2.13 ne. Pascal Siakam ma da ya kai wajen 2.03, ba a matsayin pibo ya ɗauki kofi da Toronto a 2019 ba. In tsayin yaron ya tsaya nan, kuma bai iya komai ba sai ba da baya, ina za a sa shi? Na ga irinsu nan jami'a, sun yi tashe a lise, wato sakandare, sun zo suna zaman benci.

Abin da zai kwantar wa Kawu hankali shi ne jifa ana iya ƙara shi daga baya. Brook Lopez ya yi kaka takwas a NBA, jifan maki uku guda 3 kawai ya ci. A kakar 2016-17 ya ci 134. Sai dai tun can yana da hannu mai laushi a layin fawul. Don haka kada a hana shi, a tsara masa.

Mai Usur, Njamena

Ɗalibi ya taɓo inda maganar take. Alhaji, layin fawul ne zai gaya maka gaskiya. Sa shi ya jefa ashirin bayan ya gaji, ba da sanyin jiki ba. In bai ci sha huɗu ko sha biyar ba, bai isa zuwa layin maki uku, mita 6.75, ba tukuna. Ka tsaya a gefensa ka duba gwiwar hannunsa: yaron da nisa ya fi ƙarfinsa, sai ka ga yana tunkuɗo ƙwallon daga ƙirji, gwiwar ta buɗe waje, ƙafafu sun sauka a karkace. In jiki ya saba da haka, gyaransa wahala ne. Ya riƙa ja da baya taku ɗaya-ɗaya, in jifan ya sauya kama ya dawo gaba.

Filayenmu kuma a buɗe suke. Da hunturu iska kan karkatar da jifan nesa, na kusa bai damu da ita ba.

Amma ina da tambaya: in ya shiga ciki, suna ba shi ƙwallon kuwa? Daƙiƙa uku kawai doka ta yarda ya tsaya a raket. Dogaye da yawa ba son nesa ne ke fitar da su ba, gajiya ce da ɗaga hannu ba a kallonsu.

Kawun Yelwa, Garwa

Allah ya saka da alheri. Mai Usur, tambayarka ta zauna mini. Jiya na lura da kyau: ya shiga ya danne mai gadinsa, ya buɗe tafin hannu, mai riƙe da ƙwallon ya kalle shi ido cikin ido, ya jefa abinsa daga nesa. Haka ta yi ta faruwa har yaron ya fice. Zan zauna da mai horar da su kan wannan. Mun yi da yaron kuma: kullum hagu da dama a gindin kwando tukuna, sannan layin fawul, jifan nesa sai ƙarshen atisaye. Baba na Marwa, shi jifan ƙugiya da hagu, da wace ƙafa ake tashi? Ina so in nuna masa daidai.

Tsohon Pibo, Marwa

Da ta dama, Malam. Gwiwar hagu ta tashi tare da ƙwallon, kafaɗar dama tana tsakaninsa da mai gadi. Ya fara daga taku ɗaya da kwando, ba buga ƙwallo a ƙasa.