Haihuwata da babban aikin kwastoma sun faɗo a wata ɗaya, ya zan yi?

Mai Jiran Baƙo

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali ku taimaka mini, kaina ya ƙulle.

Ina da ɗan kamfanin tallace-tallace, mu uku ne: ni, da mai zane, da wata yarinya mai kula da shafuka da amsa saƙonni. Ba ni da abokin haɗin gwiwa. Ni ke magana da kwastomomi, ni ke saita talla, ni ke rubuta rahoto. Cikina wata bakwai yanzu. Babban kwastomanmu, wanda kuɗinsa ya fi rabin abin da ke shigo mana duk wata, zai fitar da sabon kaya, yana son kamfen na mako shida. Ranar farawa ta faɗo kwana goma kafin ranar da likita ta ƙiyasta mini. Bai san ina da juna biyu ba, don shekara biyu ke nan duk hulɗarmu ta waya ce da imel. Ban sa hannu ba tukuna, ban karɓi komai ba. Ya ba ni zuwa ƙarshen mako.

In faɗa masa kafin in sa hannu? Kuma in na ɗauko wani daga waje ya riƙe mini saita tallar, kashi nawa na kuɗin aikin ake ba irinsu?

Sabon Shiga

Allah ya sauke ki lafiya, Aunty. Ki bar wa abokin haɗin gwiwarki aikin kawai, ai ranar da aka yi shi dominta ke nan.

Mai Zane

Ɗan'uwa karanta da kyau, ta ce ba ta da shi. 'Yar'uwa, in dai kin karɓi kafin alƙalami to babu ja da baya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai Jiran Baƙo

Ban karɓa ba, na rubuta a sama.

Uwar Uku

Ƙanwata, kwana goman nan da kike lissafi da shi, cire shi daga ranki. Ranar da likita ke faɗa ƙiyasi ce. Daga mako 37 zuwa 42 kowane dare naƙuda na iya tashi. Na biyuna ya zo saura kwana goma sha shida, ina zaune ina gyara jadawalin abin da za a ɗora a shafin wani kwastoma. Na tuna ina kan gadon asibiti, hannu ɗaya da ƙarin ruwa, ɗayan riƙe da waya, ina karanto wa ma'aikaciyata lambar da ake turowa don shiga asusu, saboda duk asusun da wayata aka ɗaure su. Lambar ta mutu sau biyu kafin ta gama rubutawa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don abu ne da zan iya gyarawa a minti goma tun wata guda kafin nan.

Ki faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma kar ki je masa da labarin ciki kawai, ki je da tsari a hannu: ga wanda zai riƙe, ga ranar da za a gama duk zane da rubutu, ga wanda zai kira in wani abu ya taso.

Tsohon Hannu

Ni dai abin da zan ce, kar ki kuskura ki shigo da wani daga waje. Ki saurari abin da ya same ni.

Shekara tara na yi ina gina kamfanina. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, muna tsakiyar aikin kwastoman da ya fi kowa biyanmu. Na ɗauko wani yaro mai aikin kansa, wanda ni na koya masa yadda ake saita talla tun bai san komai ba. Na sa shi a zauren da muke magana da kwastoman, na ba shi cikakken iko a asusun talla, na tafi jinya. Mako biyar ina kwana a kujerar roba a gefen gadon mahaifina. Duk da haka kullum dare sai na buɗe kwamfuta na duba alƙaluma. Akwai daren da tsohon ya buɗe ido ya gan ni da hasken kwamfutar a fuskata, ya ce, "Har yanzu ba ka gama ba?" Kusan ita ce doguwar maganarsa ta ƙarshe da ni.

Bayan rasuwar da mako biyu sai ga saƙon kwastoman, wai sun gode da hidimar shekaru, za su gwada wata hanya. Hanyar ashe yaron ne. Ya je ya ce musu ai shi ke yin aikin tun da can, zai yi musu a rabin kuɗina. Da na shiga asusun sai na tarar an cire ni. Duk jerin masu sayayya da muka tara, duk tallan da muka gwada muka gano wanda ke ci, sun tafi da shi. Dole na sallami ma'aikata biyu a watan. Ɗayansu matarsa na da tsohon ciki. Ban samu zama da mahaifina yadda ya kamata ba, kwastoman ma ban riƙe shi ba.

Mai Kyamara

Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma Yaya babu wata takarda tsakaninka da yaron?

Tsohon Hannu

Amin, na gode. Wace takarda? Yaron da yake ce mini Baba?

Ɗan Lissafi

Allah ya gafarta masa. Amma Malam, da girmanka, matsalar ba ɗauko mutum daga waje ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikakken iko ka ba shi, alhali a tsarin Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ana iya ba mutum izinin sarrafa talla kaɗai, ba tare da ikon cire wani ko ƙara wani ba. Kuma ana rubuta yarjejeniya cewa ba zai yi aiki kai tsaye da kwastomanka ba har tsawon wani lokaci.

Hajiya, kan kuɗi: ni kashi 30 nake ba wanda ya riƙe mini saita talla, daga kuɗin aikina, banda kuɗin da ake zubawa a tallar kanta.

Mai Zane

Kashi 30? Wa zai karɓa? Ni na riƙe wa wani na wata biyu, rabi da rabi muka yi, kuma ban ga na cuce shi ba. Wanda zai tashi cikin dare in an ƙi amincewa da talla shi ke yin aikin.

Mai Kyamara

Mu kuwa ba ma yin kaso sam. Kuɗin mako ake yankewa, a biya duk ƙarshen mako. Da na lissafa na ƙarshe da muka yi, bai kai kashi 20 ba.

Mai Zane

Shi ya sa masu aikin kansu ke ɗauke muku kwastoma. Ku biya mutum kashi 20 sannan ku ce ya riƙe amana.

Tsohon Hannu

Nawa yaron rabi na ba shi. Ya hana?

Sabon Shiga

Aunty ki ce wa kwastoman in namiji aka samu sunansa za a sa, ki gani in bai ɗaga miki wata biyu ba, har da ƙarin kuɗi.

Mai Kyamara

Ko a sa jaririn a tallar, a cire kuɗin ɗaukar hoto a ba shi kasonsa.

Uwar Uku

Ku bar wasa, baiwar Allah tana da kwana huɗu ta ba da amsa. Kuma ku yi haƙuri maza, duk cikinku babu wanda ya yi maganar jego. Kuna ta kaso kamar ranar da ta haihu washegari za ta zauna gaban kwamfuta. In tiyata aka yi fa? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 mako 14 ta sa a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa, shida daga ciki bayan an sauka. Wannan ga ma'aikaciya ke nan. Mai kamfani babu wanda zai ba ta hutu in ba ita ta ba kanta ba. Kamfen ɗin nan gaba ɗayansa cikin makonnin nan zai faɗa.

Ɗan Lissafi

Hajiya, ba sai mutum ya haihu zai san yadda ake tsara aiki ba. Na miƙa aiki sau uku, sau ɗaya don aurena, kuma babu kwastoman da ya tafi.

Uwar Uku

Aure kai ka sa ranarsa, Malam. Naƙuda ba ta tambayar kowa.

Tsohon Hannu

Shekararka nawa a harkar nan da kake koya mini yadda ake ba da izini?

Ɗan Lissafi

Huɗu. Ban raina ka ba wallahi. Abin da nake nufi, ita tana da wata biyu a gaba, kai ciwo ne ya zo maka ba shiri. Hajiya Mai Jiran Baƙo, ga abin da ya sa nake cewa ki ɗauko mutumin tun yanzu: makon farko shi ne mai wuya. A tsarin Meta sabuwar talla tana shiga matakin koyo, wato lokacin da tsarin ke gano waɗanda ya fi dacewa a nuna musu ita, tana neman sakamako (kamar ciniki) wajen 50 cikin mako kafin ta daidaita, kuma duk babban gyaran da aka yi mata, kamar canza hoto ko waɗanda ake nufa da ita, sai ta koma farko. Wanda bai saba ba da ya ga kwana biyu babu ciniki sai ya tsorata ya yi ta taɓawa. Ki nemi a matso da farawar baya da mako biyu in zai yiwu, makon farkon ya wuce kina kan ƙafarki.

Mai Jiran Baƙo

Na gode ƙwarai, duk ina karantawa. Matsowa ba za ta yiwu ba, kayan ba za su iso kafin ranar ba. Baba Tsohon Hannu, labarinka ya sa ni kuka, Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaya Uwar Uku, ke da kika faɗa wa naki kwastomomin, akwai wanda ya tafi?

Uwar Uku

Ɗaya ya tafi cikin huɗu. Ya ce Allah ya raba lafiya, bayan mako guda ya ce kasafinsu ya ragu. Sauran ukun suna nan har yau, ɗaya ma mace ce, ita ta ce in tura mata komai tun da wuri ta amince a zama ɗaya. Amma wanda ya tafin har yau bai biya ni cikon watan ƙarshe ba.

Mai Zane

Wannan cikon shi ne ciwon da ke cinmu duka. Ni akwai wanda na yi wa zane goma sha biyu, ya ce a ɗan gyara kaɗan har sau bakwai, duk ta saƙon murya ƙarfe ɗayan dare. Ya ɗora su a shafinsa, na gani da idona, sannan ya ce bai gamsu ba, ba zai cika ba.

Mai Kyamara

Shi ya sa ni kashi 70 nake karɓa kafin in ɗaga kyamara, kuma ba na sakin ainihin fayil sai an cika.

Ɗan Lissafi

Kashi 70 babu babban kwastoman da zai yarda. Rabi ne aka saba, kuma a rubuta gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa.

Mai Zane

Na rubuta, Malam. Ya sa hannu ma. Wata biyar ke nan ina tura masa takardar neman biya, yana buɗewa, ina ganin alamar ya karanta.

Tsohon Hannu

Nawa ma da cikon wata biyu suka tafi. Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan ƙara ya karɓi kuɗinsa?