Neman kalma: me za mu kira "displacement" na inji?

Jama'a, akwai wata kalma a takardar kowace mota da kowane babur da har yau ba mu raɗa mata suna ba: displacement. Ita ce lambar nan da ake bi da cc ko lita, kamar 100cc na Boxer ɗin 'yan kabu-kabu, ko lita 2 ta Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. A garejojinmu na Sakkwato "sisi" ake cewa, baƙo ya ji sai ya ɗauka ciniki ake yi da tsohon kuɗi. Jama'a sun kawo shawarwarin sunan da za a ba ta, ga amsata a kansu.

Ga abin da ake aunawa. In bakanike ya cire kan inji ya juya shi da hannu, za ka ga fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin da ake kira silinda, ya taso har bakin silindar, sannan ya nutse. Ramin da ya bari tsakanin inda ya tsaya a sama da inda ya tsaya a ƙasa shi ake aunawa, a ninka da yawan silinda. Sisi 1,000 lita ɗaya ke nan.

Mutane da yawa sun ce a kira ta "ƙarfin inji". Ku yi haƙuri, wannan ba ta shiga ba. A 1910 kamfanin Fiat na Italiya ya ƙera motar tsere S76, silinda huɗu kacal amma lita 28 da 'yan kai. Kowace silinda ta haura lita 7, wato ka juye mata galan ɗin baƙin mai na lita huɗu, ta shanye tana neman ƙari. Duk da haka ƙarfinta bai wuce na doki 300 ba (da ƙarfin doki ake auna ƙarfin inji). Yau akwai injin lita 2 da ya haura doki 400. To in mun kira lita ƙarfi, me za mu kira dokin?

Baba, Allah shi ƙara girma, na ga shawararku cewa a bar wa fulogi aikin, wato a riƙa ƙirga fulogi, wanda yawansa ke nuna yawan silinda, tunda mai fulogi shida ta fi mai huɗu. A tashar mota haka lissafin yake, amma da an leƙa waje sai ya rushe. Taraktar Lanz Bulldog ta Jamus silinda ɗaya gare ta tilo, kuma manyanta sun haura lita 10. Shi kuwa babur ɗin tseren Honda na 1966 silinda shida ne a cikin 250cc, kowace ɗaya sisi arba'in da kaɗan, ba ta kai rabin ta Boxer ba. Turawan Ingila ma sun cusa silinda 16 a lita ɗaya da rabi a motar tseren BRM, ƙasa da 504 ɗinmu mai huɗu. An yi haka ne don ƙaramin fistin ba shi da nauyi, yana iya kai da komowa da sauri, sai injin ya rama ƙanƙantarsa da yawan juyi. Ga kuma tirela mai shan gas, wadda ba ta da irin wannan fulogin da za a ƙirga.

"Girman inji" ta fi kusa, sai dai mai saye a kasuwar 'yan kayan gyara zai ɗauka girman ƙarfen ake nufi. "Faɗin silinda" kuma ta manta da zurfi.

Ni dai na tsaya kan "zuƙar inji": iskar da inji zai zuƙa in kowane fistin ya sauka sau ɗaya. Na san matasa za su yi dariya saboda masu zuƙe-zuƙe, ba komai, a sha dariya a wuce. Ku gwada ta a baki: "Zuƙar injin nan nawa ce?" "Lita biyu." Ta zauna.

Malam, na ga gyaran da ka yi wa wannan suna kan turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, cewa yana tura iskar da ta fi wadda fistin zai ja da kansa. Gaskiya ne, amma danne ta yake yi a cikin ramin nan dai, ramin bai ƙaru ba, don haka lita biyu tana nan lita biyu. Sisi da lita kuwa a bar su yadda suke, ma'auni ne, kuma masu gyara sun riga sun saba da su.