Maigida na son a sa wa jaririyarmu Sharon, surukata ta ƙi

Maman Tabita: Salama 'yan'uwa. Allah ya sauke ni lafiya, mun samu mace, suna ranar Asabar. Maigida ya kafe sai Sharon. Mama kuma, wato mahaifiyarsa, ta ce babu wata mace mai wannan suna a Littafi Mai Tsarki, wai ma sunan wani sojan Isra'ila ne. Don Allah me sunan yake nufi? Na rasa bayan wa zan bi.

Malam Ishaku: Barka da arziki. Mama ta yi gaskiya a rabin maganarta: Sharon sunan wuri ne tun asali, ma'anarsa da Ibrananci shimfiɗaɗɗen fili. Filin yana bakin Bahar Rum, daga kusa da Dutsen Karmel zuwa kogin Yarkon da ke Tel Aviv, yau garuruwan Netanya da Harzaliya suna cikinsa. A 1 Tarihi 27:29 can ake kiwon shanun Sarki Dawuda, Ishaya 65:10 ya kira shi makiyayar tumaki. Amma abin da ya ja iyaye suka fara sa wa 'ya'yansu mata shi ne furen Sharon na Waƙar Waƙoƙi 2:1. Masana da yawa na ganin furen daji ne mai kai a cikin ƙasa kamar albasa.

Kaka Rifkatu: 'Yata, a ina kuke zaune? Idan unguwarku a cakuɗe take, ki yi tunani. Manya da yawa in sun ji Sharon, Ariel Sharon suke tunawa, wato janar ɗin soja da ya zama firaministan Isra'ila, da kisan da aka yi wa Falasɗinawa a Sabra da Shatila da ke Beirut a 1982. Yarinya ce za ta yi ta amsa tambaya a makaranta.

Malam Ishaku: Shi ma aro ya yi, Kaka. Sunan gidansu Scheinermann, an haife shi a 1928 a ƙauyen Kfar Malal cikin filin nan, daga baya ya ɗauki sunan yankin. A Isra'ila maza da mata duk suna amsa shi.

Anti Ladi: Kada ke ki ja da surukarki kina cikin jego. Maigida ya je da kansa ya buɗe mata ayoyin nan. In ta sauko, shi ke nan. In ba ta sauko ba, ku bar ta ta zaɓi na farko, Sharon ya zama na biyu a takardar haihuwa.

Maman Tabita: Na gode ƙwarai. Yau da yamma zai je wurinta.