Za mu kai yara Magic Land hutun Disamba, ina za mu sauka a Abuja da kuɗin nan?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a gidan nan.

Kwana 3 ke nan ban yi barcin kirki ba kan maganar da wata za ta ce ba ta taka kara ta karya ba. Tun babbar 'yata tana aji 3 na firamare makarantarsu ta shirya kai su Abuja wajen wasan nan na Magic Land, wanda da ake ce wa Wonderland. Lokacin Abbansu ya shiga wani hali a kasuwa, ba mu iya biya ba. Ranar da motar za ta tashi yarinyar nan ta je bakin get da kayan gida tana ɗaga wa ƙawayenta hannu. Ta dawo ba ta yi kuka ba, abinci kawai ta ƙi ci har dare. Ni na yi kukan a banɗaki. A ranar na yi mata alkawari in dai ina raye sai na kai ta da kaina. Yanzu tana aji 2 na ƙaramar sakandare, ba ta taɓa tuna mini ba, wannan shirun nata ne ma ya fi cin raina.

Bana na shiga adashen 20,000 duk wata, mu 12, kwasata ta faɗo Nuwamba, 240,000. Na ɗora ribar turaren wuta da humra da nake ɗan taɓawa ya zama 300,000 cif. Abbansu ya ce shi kuɗin mota zuwa da dawowa kawai zai iya, sauran duk a kaina: masauki, abinci, kuɗin shiga, kuɗin hawa lilo. Na kira wani otal a Garki suka ce ɗaki 45,000 kwana ɗaya, kuma wai ba za su bar mu duka a ɗaki ɗaya ba. Ɗaki 2 kwana 3 ya tashi 270,000, to me ya rage? Abbansu ya ce mu sauka gidan yayansa a Mararaba kyauta. Ni kuma akwai dalilin da ya sa ba zan kwana gidan ba, ba sai na faɗa ba.

Don Allah waɗanda suka san Abuja ku taimaka, ina ne mai sauƙi kuma mai mutunci?

Maman Sultan:
Wa alaikumus salam. Ku nawa ne? Daga wane gari? Shekarun yaran fa? Kin ba mu tarihin adashe ba ki faɗi adadin kawunan da za su kwana ba.

Anti Maman Walida:
Ƙanwata saurara da kyau, shekarata 19 a garin nan, ba labari aka ba ni ba. Lugbe za ki sauka, magana ta ƙare. Magic Land yana nan gefen City Gate, kusa da babban filin wasa na Moshood Abiola, wato a bakin hanyar filin jirgi yake. Lugbe kuma a kan wannan hanyar take, miƙaƙƙiya ce ba kwana-kwana. Ki fito bakin titi ki tari mota, kafin yaro ya gama shan ledar ruwa kun iso, in dai ba da sassafe kuka fito lokacin ma'aikata ba. Cikin Federal Housing akwai ƙananan masauki birjik, watan jiya na sauke baƙi a ɗakin 22,000 mai fanka da ruwan zafi. Garki, Wuse, Maitama duk sunan unguwa kike saya, gadon dai gado ne.

Kuma ki sani kuɗin shiga daban, kuɗin kowane lilo daban. Yaro ba ya hawa sau ɗaya ya ce ya ƙoshi. In kika zuba kuɗinki a katifa za ki tsaya da yara suna kallon 'ya'yan wasu suna shawagi, kin ga an koma gidan jiya.

Ummu Aiman:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Ga gida kyauta kina neman na haya? Ki danne zuciyarki kwana 3 kacal, ki riƙa wa matar gidan turaren nan naki da ɗan dambun nama, shi ke nan. Ɗan uwa rabin jiki. Gobe in suka ji kun shigo gari kun kama otal, wace amsa Abbansu zai ba yayansa?

Anti Maman Walida:
Ummu Aiman kin taɓa bin hanyar Nyanya da safe? Mararaba fa jihar Nasarawa ce. Tana can gabas, wajen wasan yana yamma, sai ta bi ta Nyanya, ta gangara Kugbo, ta ratsa AYA, ta keta gari kaf. Da yara a cikin wannan cunkoson! Abin da ta tsira da shi na ɗaki, tasi zai cinye rabinsa, ragowar kuma ta sayi maganin ciwon kai.

Maman Biyu:
Ku bar maganar sauka gidan mutane don Allah, mu da ke Abuja mu muka san abin da muke gani. Hutun bara mutum 7 suka diro mini ba ko waya, ciki da falo gare ni a Dutse Alhaji. Tukunyar gas ɗina da ke mini wata guda kwana 11 ta yi. Ruwa a wajen 'yan garuwa muke saya, yaransu kuma wanka safe da yamma kamar agwagi. Mijina ya koma kwana a shago. Da za su tafi uwar ta buɗe firij ta kwashe kajin da na ɓoye ta ce tsaraba. Har yau in na ga lambarta gabana faɗuwa yake. Mutanen gida gani suke duk wanda ke Abuja minista ne.

Mai tambaya:
Maman Sultan yi haƙuri, mu 6 ne. Ni, Abbansu, yara 4: 13, 10, 6 da mai shan nono. Daga Zariya.

Ummu Aiman ba girman kai ba ne wallahi. Lokacin bikin ƙanwar Abbansu na taɓa kwana gidan. Faccalata ta shimfiɗa mini tabarma a sito kusa da buhunan masara alhali ga ɗakin baƙi a kulle, ta ce wai fenti bai bushe ba. Da safe ta ƙirga yankan biredi a gaban yarana. Ban faɗa wa Abbansu ba har yau don kar in haɗa 'yan uwa. Wannan tafiyar ta 'yata ce, ba zan kai ta inda za a ƙirga mata loma ba.

Ummu Aiman:
To ai ba ki faɗa ba da farko. Amma dai haƙuri ba ya ɓaci.

Maman Hibba:
Tunda daga Zariya ne, ku zo Kaduna ku hau jirgin ƙasa a Rigasa, shi ma ai yawon buɗe ido ne ga yara, nawa sun fi murnar jirgin a kan lilon. Jirgin yana tsayawa Kubwa kafin ya ƙarasa Idu. Ku sauka Kubwa ku kama ɗaki a can, gari ne na masu ƙaramin ƙarfi, ga masu tuwo da masa ko'ina, ba sai kin sayi shinkafar otal ba. Tikiti dai ta intanet ake saya kuma sai da lambar NIN, ki saya da wuri don lokacin hutu yana ƙarewa. Akwai kuma ƙaramin jirgin cikin gari da aka dawo da shi a Mayun 2024, yana bi ta Idu har tashar filin wasa, ki tambayi lokutan tashinsa.

Anti Maman Walida:
Kubwa? Da goyo da jakunkuna da kula ta riƙa canjin jirgi? Maman Hibba kar ki wahalar da baiwar Allah. Kubwa tana hanyar Zuba, sai ta zagayo ta Gwarimpa ko Berger kullum safe da yamma. Kuma ki tuna cikin gari ba acaɓa, tun zamanin El-Rufa'i yana minista aka hana, keke ma iyakarsa unguwanni. Komai sai tasi. Shi ya sa nake ce miki kusanci shi ne arha. Lugbe.

Hajiya Iya:
Ni tsoro ma ya hana ni karanta sauran. Jirgin nan ba shi aka tare a Maris ɗin 2022 ba, aka yi wata 8 ba ya aiki? Ga 'yan wan cans a gari, ki shiga tasi ashe duk fasinjan ɓarayi ne. 'Yar nan ki sayi keken ɗinki da kuɗinki, ki kai yara gidan zu na Kano su ga giwa su dawo a yini ɗaya. Mu da muka tashi ba mu san lilon lantarki ba ai ga mu mun girma.

Maman Hibba:
Hajiya tun Disambar 2022 ya dawo aiki, mutane na hawa kullum. Allah ne mai tsarewa. Maganar wan cans kuwa gaskiya ce, ta kira mota ta waya ko ta shiga tasha, kar ta tari ta bakin hanya da dare.

Mai tambaya:
Hajiya na gode, amma alkawari na ɗauka, ba giwa na ce mata ba.

Gaskiya akwai abin da ban faɗa ba. Makon jiya na ga wani a Instagram yana ba da hayar gida na kwanaki, ciki 2 da falo da kicin a Gwarimpa, 50,000 kwana ɗaya. Na lissafa kwana 3 ya zama 150,000, ga kicin zan yi girki da kaina, in taho da soyayyiyar miya da garin kunu da taliya. Ya ce mutane na rububi saboda Kirsimeti, sai na tura masa 50,000 kafin alƙalami. Abbansu bai sani ba tukuna.

Maman Sultan:
Innalillahi. To shawarar me kike nema bayan kin riga kin biya?

Anti Maman Walida:
Kin tura wa wa? Kin ga gidan? Wani naki ya taka ya gani? Sunan da ke asusun bankin shi ne sunan da ke shafin? Ya yi miki kiran bidiyo yana tsaye a cikin falon ya buɗe famfo kin ga ruwa na zuba? Hoto ai kowa na iya ɗaukowa. Kuma ko gidan gaskiya ne, masu irin wannan hayar suna karɓar kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna, kin tambaya nawa ne? Ga yara 4, ɗaya ya zana bango da biro an riƙe miki kuɗi. Wuta fa? In NEPA ta ɗauke wa ke sayen man janareto? Da kin tambaye ni tun farko da 66,000 kin gama kwana 3 a Lugbe.

Mai tambaya:
Anti ɗaki ɗaya kike lissafi. Budurwa 'yar 13 da namiji ɗan 10 ba zan haɗa su ɗaki ɗaya da ubansu kwana 3 ba, ke ma kin san bai dace ba. Ɗaki 2 a Lugben naki 132,000 ne, ga sayen abinci sau 3 na mutum 5. In kika haɗa ai nawa ya fi sauƙi. Kuma mutumin yana da mabiya da yawa, ya yi mini magana cikin ladabi, har Hajiya yake ce mini. Ya turo rasit.

Maman Biyu:
Wanda ya cinye mini kuɗin atamfa 5 ma Hajiya yake ce mini, har da "Allah ya ƙara arziki". Rasit kuwa ɗana na aji 6 zai haɗa miki a waya.

Maman Nana:
Ku daina tsorata ta mana. Lissafinta na kicin ba laifi, abinci ne ke kashe kuɗi a tafiya da yara. Abin da zan ce, wa ya ce dole kwana 3? Wajen wasan yini ɗaya ya isa. Ku iso da yamma ku kwana, washegari ku yini a can, ku sake kwana, da safe ku leƙa Millennium Park a Maitama ko ku yi salla a Babban Masallacin Ƙasa ku kama hanya. Kwana 2 ke nan, kin tsira da 50,000 ta lilo. Ku guji ranar 25 da 26 ga wata da ranar sabuwar shekara, layi kawai za ku sha. In kuma otal kika koma, ki tambaya ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima, ki kuma tambayi lokacin sallama, yawanci 12 na rana ne, kin wuce su ce kin shiga sabon kwana. Ni ina Life Camp, ki turo mini adireshin gidan ta akwatin sirri in aika ƙanena ya gano miki gobe.

Mai tambaya:
Maman Nana Allah ya saka da alheri. Kwana 2 kam ya yi kaɗan, na riga na ce wa yara 3, har ƙaramin yana ƙirgawa da yatsa. Adireshin kuma ya ce sai na cika kuɗi zai turo, wai saboda tsaron masu gida. Ni na ga hakan ma alamar tsari ce.

Maman Sultan:
Hmm.

Anti Maman Walida:
Kar ki ƙara masa ko sisi sai ido ya gani. Ki kira shi yanzu ki ce yayarki na Abuja za ta zo dubawa, ki ji yadda muryarsa za ta koma. Kuma ki faɗa wa mijinki yau, kar ya ji a bakin wani.

Mai tambaya:
Na kira sau 2 tana ringin ba a ɗauka ba, ƙila yana masallaci ne. Abbansu kuma in na faɗa masa yanzu cewa zai yi shi ke nan sai Mararaba, abin da nake gudu ke nan.

Maman Khalifa:
Wai Mararaba ta wajen ina? Zariya, turaren wuta, bikin ƙanwar miji... labarin nan kamar na san shi. Kuma in wanda na sani ne, fentin nan da gaske bai bushe ba.

Mai tambaya:
Admin don girman Allah a sauke rubutun nan.

Anti Maman Walida:
Kafin a sauke, ƙanwata ki ajiye lambata. Akwai mai ɗaki 2 a jere a Lugbe, in na yi masa magana zai rage. Ya ɗauki wayar kuwa?