Neman shawara: zagayen Tafkin Konstans a kan keke, mu tara

Ɗan Rimi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu tara ne, yawancinmu ɗalibai a Stuttgart, sai magidanci ɗaya da maiɗakinsa da ɗansu mai shekara 10, kuma mun ƙudiri aniyar yin hutun kwana biyar a kan keke a gefen Tafkin Konstans, wanda Jamusawa ke kira Bodensee. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tafkin ya haɗa ƙasashe uku, wato Jamus da Ostiriya da Suwizalan, kuma an ce hanyar keken da ta kewaye shi ta kai kimanin kilomita 260. Damuwata ita ce ƙarfinmu ba ɗaya ba ne, domin uku daga cikinmu sun daɗe rabonsu da keke. Shin kwana biyar za su ishe mu zagaye duka, ko mu zaɓi wani ɓangare? Kuma wane wata ya fi dacewa ga masu son ganin gonaki, ba ruwa kaɗai ba?

Malam Na-Gabas:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Rimi, na bi wannan hanya sau biyu, kuma shawarata ita ce kada ku ɗora wa kanku zagaye duka. Idan aka raba kilomita 260 gida biyar, kowace rana za ta haura 50, wanda ba komai ba ne ga matashi mai motsa jiki, amma ga wanda ya daɗe bai hau ba, zaman sirdi kaɗai zai gajiyar da shi tun rana ta biyu. Tafiyar ayari kuwa da mafi rauninsa ake auna ta.

Ku ɗauki babban ɓangaren tafkin, wanda ake kira Obersee. Ku tashi daga Konstanz, ku shiga jirgin fito da kekunanku zuwa Meersburg, tsallakawar da ba ta wuce kwata ɗaya ba, sannan ku bi gaɓar arewa ta Friedrichshafen zuwa tsibirin Lindau, ku shiga Bregenz ta Ostiriya, ku dawo ta gaɓar Suwizalan ta Rorschach da Arbon da Romanshorn. Wannan bai fi kilomita 130 ba, kuma kusan dukkansa shimfiɗe yake. Hawa da gangaren da ke wahalar da mutane yana can yamma ne, a tudun Bodanrück, kuma jirgin fiton ya ɗauke muku shi. Wata fa'idar bin wannan juyi, wato yadda hannun agogo ke tafiya, ita ce ruwa zai kasance a damanku, ga shi kuma a dama ake tuƙi, saboda haka ba sai kun riƙa tsallaka titi ba duk lokacin da kuke son tsayawa a bakin gaɓa. Idan wani ya gaza a tsakiya, akwai jirgin fito tsakanin Friedrichshafen da Romanshorn da zai yanke muku hanya.

Maman Hanifa:

Na yarda da Malam a kan nisan, amma ina ganin idan kuka manne wa gaɓa daga farko har ƙarshe, gonakin da kuka fito nema za su wuce ku. A Yuli da Agusta hanyar bakin ruwa cike take da jama'a, musamman tsakanin Meersburg da Lindau, har mutum ya fi mai da hankali ga birki fiye da kallon abin da ke gefensa.

Ranar da ta fi zama mini a rai ita ce wadda muka bar tafkin daga Friedrichshafen muka nufi wajen Tettnang. Can ne muka ratsa lambunan tuffa jere-jere, an lulluɓe su da raga saboda ƙanƙara, kuma a ƙofar gidajen manoma akwai 'yan rumfuna da aka ajiye tuffa da ƙwai da zuma, babu mai tsaro, sai akwatin da za ka jefa kuɗi ka ɗauki abinka. Yarana har yau suna maganar wannan amana. Akwai ɗan hawa a wannan hanya, don haka waɗanda ƙarfinsu bai kai ba su yi hayar keke mai batir. A ɓangaren Suwizalan ma, yankin Thurgau ƙasar tuffa ce. Idan furanni kuke so, ku je ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Idan kuwa 'ya'yan itacen kuke son gani a rataye, Satumba ta fi, ga sanyin iska, ga ƙarancin cunkoso.

Ku kula da abu guda a waɗannan rumfuna: abin da aka rubuta wa Most sau da yawa ruwan tuffa ne da ya zama giya, wanda bai tsimu ba shi ne Süßmost ko Apfelsaft. Kuma tunda kuna da kwana biyar, ku ware yini ɗaya ga tsibirin Reichenau kusa da Konstanz, inda ake noman kayan lambu kewaye da tsofaffin majami'u, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Baban Khalil:

Ni a kan takardu da guzuri zan yi magana. Ƙasashen uku suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da aka sassauta binciken iyaka a tsakaninsu, amma kowa ya riƙe fasfo da katin izinin zamansa, domin jami'ai kan tsayar da mutum a iyaka. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta faran ne ba yuro ba, abinci da masauki sun fi tsada, kuma layin wayar Jamus na iya cajin ku da yawa a can. Mu a Lindau da Bregenz da Konstanz muka kwana, gaɓar Suwizalan kuwa muka ratsa ta da guzurinmu a kariya. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ku yi sayayya tun Asabar.

Yaron nan dole ya sa hular kwano a Ostiriya, domin doka ta wajabta wa duk wanda bai kai shekara 12 ba. Ku sa mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya riƙe da famfo da kayan faci. Idan kuka ga fitilu masu ruwan lemo suna walƙiya a bakin tafkin, gargaɗin iska mai ƙarfi ne, kuma idan walƙiyar ta yi sauri, hadari ya kusa, sai ku nemi mafaka. Batun salla kuma, akwai masallacin Mevlana a Konstanz, sauran wurare darduma a kan ciyawa ta wadatar.

Ɗan Rimi:

Allah ya saka muku da alheri. Mun zauna jiya da daddare mun tsayar da mako na biyu na Satumba: kwana huɗu a Obersee tare da ratsen Tettnang, na biyar a Reichenau. Maman Hanifa, mun karɓi shawarar keke mai batir ga mutum uku. Baban Khalil, don Allah ka sanar da ni ko masaukin da kuka sauka a Bregenz yana da ɗakin ajiye kekuna mai makulli, domin yau nake son in kama mana ɗakuna.