Aiki na fitowa a karkace: sifindil ne ko cak?

Mai koyon aiki, Mabera:
Assalamu alaikum iyayen gida. Na yanka shaf (sandar juyawa) ɗin injin niƙa a injin tanin, mai juya ƙarfe ana fere shi, gefe guda ya fi ɗaya ciwuwa. Maigidana ya ce sifindil ne. Ni kuwa har yau ban rarrabe shi da cak ba. Wa ya taɓa gamuwa da wanga?

Dattijo mai injin tanin:
Wa alaikumussalam, yaro. Cak shi ne mai haƙoran da ke damƙe aiki. Sifindil kuwa sandar da ke cikin kan injin ce, zaune bisa boris, moto na juya ta da bel ko giya, kuma a hancinta ake ɗaura cak. Cikinta rami ne har baya, don dogon rodi ya wuce. Bakin ramin a yawancin injuna tsukakke ne bisa ma'aunin Morse, wanda ake aiki da shi tun 1864.

Amma kada ku yi saurin ɗora mata laifi. Ni dai duk sanda aka kira ni kan haka, cak nake fara kwancewa. Sau da yawa ɗan ɓarɓashin ƙarfe nake tararwa tsakaninsa da hancin, ko haƙoran sun cinye. Goge wurin tas, ka kafa agogon awo, mai allurar da ke nuna karkata, a kan hancin kansa, ka juya da hannu. A yawancin agogon, kowane layi 0.01 na milimita ne. In allura ta tsaya cik, sandar lafiyarta lau.

Mai gyaran injin ban-ruwa, Wurno:
Baba ya gama magana. Nawa dai boris ne. Da zafin Afrilu, ga rana ta haura digiri 40, kan injin ya riƙa ɗaukar zafi yana gurnani, aiki na fitowa da zane-zane. Ƙurar hunturu ce ta shige cikin mai tun tuni. Na sauya boris, na zuba sabon mai, shi ke nan. Manoman albasa kuwa ba su san uzuri ba, famfonsu kawai suke jira.

Ɗalibin foliteknik:
Ƙanena, duba gudu ma. Ƙarfe mai laushi mai kaurin milimita 50, da wuƙar HSS (wani ƙarfe mai tauri na yanka), juyi wajen 190 a minti ya ishe shi. Na ga ana ba shi 600, wuƙa ta ƙone, a ce inji ne ya lalace.

Dattijo mai injin tanin:
Haka ne, ɗana. Kuma in injinku tsoho ne mai cak na murɗawa, kada ka ba shi ribas da ƙarfi. Na ga cak ya kwance ya faɗo kan gadon inji, Allah ya kiyaye ba ƙafar mutum ba.

Mai koyon aiki, Mabera:
Na gode, Baba. Namu na murɗawa ne. Gobe in Allah ya kai mu zan roƙi maigida mu kwance shi, sai dai agogon awon ne ba mu da. Wa zai ara mana?